Faifai Mai Koren Zare

Nassarawa GRA, Kano.
Talata, sha biyar ga watan bakwai.

Zuwa ga abokina Malam Raphael,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ladi da yara da jikoki. Yaya ƙafar taka? Yaya damina a Wusasa? Mu nan sai godiyar Allah.

Tun shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle nake cikin gidan nan. Kai shaida ne, don a shekarar ka fara zuwa wurin marigayi Alhaji Yahaya, kuna zaune a baranda kuna jin faifai, ni ina ban ruwan fulawa. A gabana aka mayar da ɗakunan baya gidan rediyo. A gabana aka sare mangwaron nan aka kafa dogon ƙarfe a gurbinsa. Ina tsaye a bakin ƙofa ranar da ka fara cewa "Nan Rediyo Darbejiya". Duk tsawon shekarun nan ban taɓa ɗaukar alƙalami na kai ƙarar kowa ba. Yau na ɗauka. Da a waya zan kira ka, amma abin kunnen nan da ka yi shekaru kana sawa ya cinye maka ji, sai mu yi ta ihu maƙwabta suna saurare. Ka yi haƙuri da ajamina. Na san kakanka ya koya maka karanta shi, kuma na san za ka yi mita, Bazazzagi ba ya rasa ta.

Najla ce, 'yar Alhaji. Wata biyar ke nan da ta karɓi gidan rediyon. Ban ce ba ta da hankali ba. Tana gaishe ni har ƙasa, kuma dokar ubanta tana nan, ba ta taɓa ta ba: ba a sa waƙar da ake ji a kowace motar haya da kowane shagon aski. Ka tuna yadda yake faɗa, waƙar farko a faifai ta 'yan kasuwa ce, a ta uku da ta huɗu mawaƙi yake ɓoye zuciyarsa. Har yanzu irin waɗannan muke sawa, na jita da murya a kwance, na manya masu son su ji abu suna aikinsu ba a daka musu ganga a ka ba.

Amma ta kawo wasu mutum biyu daga Legas sun yi mako uku suna juye faya-fayanmu a cikin kwamfuta. Yanzu kwamfutar ce take zaɓar waƙa. An fitar da garmaho daga ɗakin watsa shiri, an kai shi sito an ɗora masa bokitin fenti. Ɗakin faifai kuma za a mayar da shi wani ɗakin ɗaukar murya. Waɗanda aka juye za ta zuba a kwali ta adana. Sauran ɗari da arba'in da biyun nan marasa takardar suna, waɗanda na yi wa riga da takardar siminti na ɗaura wa zare, ta ce ba su da wurin zama. Wai kwamfuta ba ta karɓar waƙa sai da sunan mawaƙi da sunan waƙa. Litinin ta farko a watan takwas masu aiki za su zo, abin da suka tarar a ɗakin na 'yan gwangwan ne.

Na ce mata ai suna da suna. Mai jan zare ƙulli biyu na tela ne na Hotoro, da yake roƙonsa duk ranar Laraba. Mai baƙi da fari na likitar nan ne da take jin mu a mota. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, wannan sunan masu saurare ne, ba na waƙa ba." To in ba don masu saurare ba, wa ake yi wa waƙar?

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Mai koren zare yana cikinsu. Ka san abin da nake nufi. Shekara goma sha bakwai ke nan da Malama Elisabatu ta Tudun Murtala ta shigo gidan nan da baƙaƙen kaya, mijinta Sebastian yana da kwana tara a ƙasa, ta roƙi a riƙa sa mata waƙar da ya fi so sau ɗaya a shekara. Alhaji ya yi alkawari, kai ka amsa, ni na kawo mata ruwa. Asabar ta farko a watan takwas, ƙarfe goma na safe, waƙa ta uku a bayan faifan. Ba mu taɓa fashi ba. Alhaji ya tafi inda ba a dawowa, kai ka koma garinku, saura ni. Kuma saura kwana goma sha takwas.

Kai ka karanta takardar faifan nan kafin ta ɓace. Ka rubuto min sunan matar da ta rera da sunan waƙar da boko, manya-manya, in kai wa Najla. Ka ba direban da ya kawo maka wannan.

Ka gaishe da Ladi, ka ce ina nan ina jiran man shanun da ta yi min alkawari.

Naka,
Bappa.

Nassarawa GRA, Kano.
Alhamis, ashirin da huɗu ga wata.

Malam Raphael,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Na ji an ce ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Man shanu ya iso, ka yi wa Ladi godiya. Ita dai ta cika nata.

Takardarka ma ta iso. Shafi biyu cur kana ba ni labarin masarar da ka shuka, sai a can ƙasa ka ce ka manta. Sannan ka jero sunaye uku ka ce wataƙila ɗaya daga ciki ne. Shekara nawa kana faɗin sunan nan da bakinka duniya tana ji? Ni da ban yi boko ba ina riƙe da ɗari da arba'in da biyu a ka, kai mai takardar shaida an ba ka guda ɗaya ka zubar.

Duk da haka na kai mata. Ta zauna ta nemo ukun a kwamfuta ta sa min ɗaya bayan ɗaya. Na farko namiji ne. Ta biyu tana ihu kamar an taka mata ƙafa. Ta uku ma ganga ce zalla. Na ce tamu mace ce mai murya ƙasa-ƙasa, da jita ɗaya, da wani abu mai kuka kamar goge da yake shigowa daga tsakiya, kuma kai da kanka ka taɓa ce min yaren ba Turanci ba ne.

Sai ta ce akwai dabara. Ta sa aka sauke bokitin fenti, aka jona garmaho a sito, na ɗora faifan, ta kanga wayarta wai wayar za ta faɗi sunan. Wayar ta yi ta juyi ta ce ba ta sani ba. Najla ta ce ƙarar ƙasa ce ta yi yawa a faifan, in gwada rerawa da bakina. Raphael, da furfurata na tsaya a sito ina yi wa waya waƙa. Jacinta, wadda ta gaje ka a shirin safe, tana bakin ƙofa ta toshe baki da gyale kafaɗunta suna rawa. Da na gama wayar ta kawo wata waƙar talla. Jacinta ta ce, "Baba, ashe sabulu kake sayarwa ba mu sani ba." Ban ci abincin rana ba ranar.

Na ce wa Najla a mayar da garmaho ɗakin shiri na minti biyar kawai, ranar Asabar ɗin. Ta ce sabon teburin ba a yi masa wurin jona garmaho ba, sai an kira mai gyara, kuma ba za ta kwance tebur saboda waƙa ɗaya a shekara ba. Ta ce a sa wa Malama wata mai kama da ita, a ambaci sunan mijinta. Wata mai kama da ita! Na tambaye ta ko in an ce ta ziyarci kabarin ubanta za ta tsaya a wani mai kama da shi. Na san na yi zafi. Ta fita, kwana biyu gaisuwa kawai muke yi.

Faifan yana ɗakina yanzu, a ƙarƙashin katifa. Sauran ma ina kwasowa da biyar-biyar a cikin babbar riga. Kada ka ce min sata ce. Abin da aka ce na 'yan gwangwan ne.

Zan je Tudun Murtala in tambayi Malama da kanta. Ita ba za ta ba ni labarin masara ba.

Naka,
Bappa.

Nassarawa GRA, Kano.
Laraba, talatin ga wata.

Abokina,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen gida. Ina fatan ruwan shekaranjiya bai yi muku ɓarna ba. Na ga amsarka, kuma na ji, ni ne mai taurin kai. Ba yau ka fara faɗa ba.

Na je wurin Malama jiya da hantsi. Ta tsufa, Raphael. Idon dama ya tafi, amma bakin yana nan irin na malaman makaranta. Tana ganina ta ce, "Malam Bappa, lafiya? Ai saura kwana huɗu." Rediyonta yana kan taga, ta ɗaure kan abin murɗawar da tsumma don kada jikoki su canza mata tasha.

Ita ma ba ta san sunan ba. Ta ce Sebastian waƙar guga yake kiranta, don duk Asabar da safe yana goge kayan da zai sa zuwa coci yana jin tasharmu, in aka sa ta sai ya ajiye dutsen guga ya tsaya, har ya taɓa ƙona mata zani. Sannan ta faɗa min abin da ban zata ba. Ta ce ita waƙar ba ta taɓa burge ta ba, jan rai gare ta. Abin da take jira shi ne wurin nan da allura take maƙalewa, matar ta yi ta maimaita kalma ɗaya, sau biyu, sau uku, sai a ji ƙat, ta wuce. Ta ce, "In na ji wannan na san akwai mutum a tsaye a wurin, da ya tashi da safe ya tuna da mijina." Ta ɗauka kai ne kake yi duk shekarun nan. Na ce mata kai magana kawai ka iya, farcen ƙaramin yatsana ne.

Ban gaya mata halin da ake ciki ba. Na sha kunun da ta ba ni na taho.

Yanzu ka gyara zama, akwai abin da zan faɗa maka, kuma kada ka karanta wa Ladi. Ka tuna shekarar da ruwa ya ɓallo silin ɗakin faifai, kai kana Zariya wurin jana'izar yayanka, Alhaji yana asibiti a waje. Na gaya muku ruwa ne ya cinye takardun faya-fayan nan. Ba duka gaskiya ba ce. Waɗanda ruwa ya taɓa ba su fi talatin ba. Na tarar da su cikin laka, na ɗebo bahon wanka na zuba ruwa da sabulu na jiƙa su. Da na ga sun fito suna sheƙi, sai na dubi na kantar ƙasa na ga sun yi ƙura, rigunansu sun yi laima suna wari. Na ce bari in haɗa duka in faranta wa Alhaji. Na yayyage rigunan na zubar, na tsoma su, na tafi sallar azahar. Ko da na dawo, takardun nan masu zagaye sun saki suna yawo a kan ruwa. Wallahi ko a lokacin ban ga abin tashin hankali ba. Ni ban taɓa gane faifai da rubutu ba, da nauyinsa da zanensa da muryarsa nake gane shi. Na kwashe takardun na watsar a bayan ɗaki. Sai da ka dawo ka riƙe kai ka zauna a ƙasa na san abin da na yi.

Kwana uku na yi ina sa su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaura zare. Kowa ya yi ta yaba min. Alhaji har riga ya ba ni, ya ce ba don Bappa ba da an yi asara. Na karɓa na sa. Ya rasu bai sani ba.

To ka ji. Ina ta faɗa da yarinya a kan suna, alhali ni na wanke sunan da hannuna. Ba wai na sauka daga maganata ba ne, ka fahimta. Alkawari yana nan. Amma abin yana damuna, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

In za ka zage ni, ka taƙaita.

Naka,
Bappa.

Nassarawa GRA, Kano.
Juma'a, ɗaya ga watan takwas, bayan la'asar.

Malam Raphael,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Ladi da duk wanda ya tambaye ni. Amsarka ba ta iso ba tukuna, kuma gara haka.

Jiya da safe Najla ta zo ta ce in ba ta faifan. Na ce yana ina? Ta ce, "Baba, katifarka ta yi tudu kamar kabari, kowa ya gani." Na ba ta. Yau bayan an sauko daga masallaci ta kira ni ɗakin shiri tana fara'a. Ta juye waƙar a kwamfuta, ta rubuta mata suna Koren Zare, ta ce ta karya dokarta saboda ni. Ta kuma saita ta yadda duk Asabar ta farko a watan takwas, ƙarfe goma, za ta sa kanta da kanta, har shekara hamsin, ko babu kowa a ɗakin. Ta sa min na ji. Sumul, Raphael. Ta share ƙarar ƙasa, ta yanke wurin maƙalewar ta ɗinke. Rana guda ta yi tana wannan aiki.

Na ce ban yarda ba. Ta ajiye abin kunne a kan tebur da ƙarfi ta ce, "Baba, me kake so ne? Na ce babu ka yi fushi, na ce ga shi ka yi fushi." Sai na gaya mata abin da Malama ta ce, kalma da kalma. Ta ce, "To in ka mutu fa? Wa zai tsaya?" Haka ta faɗa, ido cikin ido, yarinyar da na goya a gadon bayana ina ban ruwa.

Na fita na zauna a gindin darbejiya ina huci. Kai ka manta sunan da ka faɗa sau goma sha huɗu. Ni kuma in na kwanta yau, ɗari da arba'in da biyu sun zama faranti. Ban taɓa koya wa kowa ba. Jacinta ta sha tambayata ma'anar zaren ina korar ta, don ina jin daɗin a ce sai Bappa.

Na koma wurin Najla na faɗa mata zancen baho. Na faɗa a tsaye, ban rage komai ba, har rigar. Ka san abin da ta yi? Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta buɗe jakarta ta fito da wani tsohon littafin makaranta da ya kumbura. Takardun ne, Raphael. Tana da shekara goma sha biyu a lokacin, tana hutu, ta leƙo ta taga ta ga komai. Da na watsar ta bi ta tsince waɗanda ba su narke ba don launinsu ya ba ta sha'awa, ta matse su a littafi. Guda sittin da ɗaya. Da ta girma ta gane ko mene ne, ta ga in ta fito da su ta tona ni a gaban ubanta. Mako biyu ke nan tana yawo da littafin a jaka, ta rasa yadda za ta nuna min. Ta ce ko ta nuna wa wani ba su da amfani, don ba wanda ya san wacce takarda ce ta wane faifai.

Shekara goma sha biyar yarinyar nan tana durƙusawa tana gaishe ni da sirrina a akwatinta. Ka ga irin 'ya'yan da Alhaji ya haifa. Na rasa ko godiya zan yi ko faɗa, sai na ce mata littafin yana warin kyankyaso.

Na buɗe shafi biyu kawai. Ban iya karanta ko harafin boko ɗaya ba, amma na ga wata ruwan ɗorawa mai hoton jirgin ruwa, na ce wannan ta telan Hotoro ce. Ta dube ni ta ɗauko biro. Ta mai koren zare ja ce da ɗan tsuntsu a sama. Ban duba ko tana ciki ba, na kuma hana ta dubawa sai an wuce gobe. Sauran tamanin da ɗayan da ba su da takarda ba mu gama magana a kansu ba. Ta ce za a gani. Na ce suna ƙarƙashin katifata, a zo a gani a can. Masu aiki dai suna nan zuwa Litinin, ɗakin ya tafi, wannan na haƙura.

Najla da kanta ta kira mai gyara, ya zo ɗazu ya kwance bayan teburin, yana ta ƙorafi, ya fito da waya biyu ta jona garmaho.

Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan ɗauko garmaho daga sito in goge fentin da ya ɗiga masa, in kai shi ɗakin shiri da kaina. Ƙarfe tara zan zaunar da Najla in nuna mata layi na uku a bayan faifan, da inda ake taɓa kan allurar, da gefen farce ba da tsokar yatsa ba. Ƙarfe goma ita za ta ɗora. Ni zan tsaya a bayanta in zuba hannuwana biyu a aljihu. Na san za ta makara, matar za ta maimaita kalmar nan sau shida ko bakwai kafin a ji ƙat. Ba zan fitar da hannu ba. Malama tana da kunne, za ta gane sabon hannu ne.

Kai ma ka sa Ladi ta kira wayar Jacinta a kanga maka, ka ƙure ƙara. Wataƙila in ka ji, sunan ya dawo maka, ko da yake ban sa rai ba.

Naka har kullum,
Bappa.